Ƙaramar Mota Mai Hawan Duwatsu: Yadda Ɗalibi Zai Ƙera Ta da Hannunsa



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne ƙaramar motar nan mai hawan duwatsu, wadda ake tuƙawa daga nesa ta hanyar saƙon rediyo, da kuma yadda mutum zai ƙera ta da kansa a ɗakinsa. Na san ba za a rasa waɗanda suka ga taken wannan lacca a allon sanarwa suka yi murmushi ba, suna cewa a zuci, ashe har wasan yara ya iso Jami'a. To, ina roƙon su yi mini haƙuri na ɗan lokaci. Kusan kowane namiji a cikin wannan ɗaki ya taɓa yin motar kara ko ta langa-langa yana yaro, ya yanko tayoyinta daga tsohon silifa. Abin mamaki shi ne, da muka shiga makaranta sai hannun ya mutu, alƙalami kaɗai ya saura. Yau ga mu muna iya warware lissafin giya a kan takarda, amma da yawanmu ba mu taɓa riƙe giya biyu muka haɗa haƙoransu ba. Ita wannan 'yar mota tana tara kusan dukkan darussan da ke cikin babbar mota a wuri guda, a kan kuɗin da ɗalibai uku ko huɗu za su iya haɗawa.

Bari mu fara da asalinta a taƙaice. Sarrafa na'ura daga nesa da rediyo tsohon abu ne, domin tun a shekarar 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a wani ɗan jirgin ruwa a birnin New York yana juya shi ba tare da waya ba. Shi kuwa wasan hawan duwatsu da mota, a yammacin Amurka ya bunƙasa, a wurare irin su Moab ta Jihar Utah da hanyar Rubicon ta Kalifoniya, inda direbobi ke bi da manyan motoci ta kan duwatsun da jaki ma sai ya yi shawara kafin ya taka. Masu wasa da ƙananan motocin rediyo suka ga haka suka ce su ma za su kwaikwaya. A lokacin babu kamfanin da ke sayar da irin motar da suke so, saboda haka sai suka riƙa kwance wata mota mai suna Clod Buster, wadda kamfanin Tamiya na Japan ya fitar a 1987, suna ɗaukar aksul ɗinta suna ɗora wa gangar jikin da suka yanka da hannu. Sai a 2007 kamfanin Axial ya fitar da AX10 Scorpion, wadda aka tsara musamman domin hawan dutse. Watau dai wannan wasa a hannun masu ƙira a gida aka haife shi, kamfanoni daga baya suka biyo sawu.

Abu na farko da mai ƙira zai sa a ransa shi ne, wannan mota ba ta tsere. A gasar da ake yi a ƙasashen waje, ana dasa ƙofofi a kan duwatsu, sau da yawa da ƙwallon tanis da aka raba biyu, direba ya bi ta tsakaninsu. In ya taɓa alamar ƙofa a rubuta masa laifi, in ya ja da baya a rubuta, in motar ta kife ya sa hannu ya tayar da ita a rubuta. Wanda ya fi ƙarancin laifi shi ne gwani. Saboda haka duk abin da za mu ƙera, manufarsa uku ce: motar ta yi tafiya a hankali da ƙarfi, tayoyinta huɗu su zauna a kan dutse, kuma kada ta kife. Kowane ɓangare da zan ambata yana hidima ne ga ɗaya daga cikin waɗannan uku.

Mu ɗauki ƙarfi tukuna. Ɗan injin lantarki irin wanda ake sa wa waɗannan motoci yana da saurin juyi ƙwarai, amma ƙarfin murɗawarsa kaɗan ne. Aikin giya shi ne ta karɓi wannan sauri ta musanya shi da ƙarfi. Ga misali da kowa zai iya bi da fensir. A ce injin yana juyawa sau 10,000 a minti ɗaya. In muka haɗa giyoyin da za su rage juyin nan sau 50, taya za ta juya sau 200 a minti. Tayar irin wannan mota faɗinta kimanin santimita 12 ne, kewayenta ke nan ya kusa santimita 38. In ka ninka 38 sau 200 za ka sami kimanin mita 75 a minti, watau kilomita huɗu da rabi a awa, daidai da tafiyar mutum a ƙasa. Wannan shi ne iyakar gudunta. Amma ƙarfin da ya isa taya ya ninka na injin kusan sau 50, in aka ɗebe ɗan abin da gogayyar haƙora ta cinye. Wanda ya taɓa ganin babbar mota da lodi tana hawan tudu da giya ɗaya ya riga ya ga wannan ƙa'ida tana aiki.

Ina za a sami irin waɗannan giyoyi? Hanya mafi sauƙi ita ce tsohuwar na'urar huda katako mai aiki da batir. A cikinta akwai inji da akwatin giya a haɗe, an riga an tsara su domin juyi a hankali da ƙarfi, kuma yawanci batirinta ne ke mutuwa a jefar da ita alhali injin lafiya lau. Tsohuwar firinta ma tana ɗauke da sandunan ƙarfe miƙaƙƙu da ƙananan giyoyi da boris. Wanda ya zaga wurin 'yan gwangwan, ko kasuwar Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, da ido buɗe da ma'auni a aljihu, ba zai dawo hannu rabbana ba.

Daga akwatin giya, juyi zai rabu biyu ta farfela, ɗaya gaba ɗaya baya, domin dole tayoyi huɗu su ja. A nan akwai wani abu da nake so mu tsaya a kansa, saboda shi ne ya fi ruɗa masu farawa. A cikin aksul ɗin kowace mota akwai wasu giyoyi masu raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu. Amfaninsu a kan titi babba ne, domin in mota za ta sha kwana, tayar waje tana da tafiya mai nisa fiye da ta ciki, dole a bar ta ta fi saurin juyawa. To, amma waɗannan giyoyi suna da wata ɗabi'a: ƙarfin da suke ba taya ɗaya, daidai shi suke ba ɗayar. In taya ɗaya ta tashi sama ba ta taɓa komai, ba ta bukatar ƙarfi kafin ta juya, saboda haka ita ma wadda ke kan dutse ba za ta sami komai ba. Sai ka ga ta sama tana ta wulwulawa, mota kuwa tana tsaye cik. Duk wanda ya taɓa tura motar da ta kafe a taɓo da damina ya ga haka da idonsa. Maganin abin a motar hawan dutse shi ne a kulle giyoyin nan gaba ɗaya, ko a cika su da gam mai ƙarfi, ko a sa sanda guda ta ratsa daga taya zuwa taya, yadda duka biyun za su juya tare ko suna so ko ba sa so. Farashin da za ka biya shi ne motar za ta yi taurin kai wajen shan kwana, kuma na'urar sitiyari za ta sha wuya. A aikin injiniya ba a samun riba a wani wuri sai an yi hasara a wani. Gwaninta ita ce sanin hasarar da za ka iya ɗauka.

Manufa ta biyu ita ce tayoyi su zauna a ƙasa. Dutse ba shimfiɗaɗɗe ba ne, tayar gaba ta dama tana iya kasancewa a kan tudu ta hagu tana cikin rami. Don haka ba a ɗaure aksul da gangar mota kai tsaye. Ana riƙe kowane aksul da sanduna huɗu masu gwiwa a kowane kai, biyu a ƙasa biyu a sama. Na ƙasa suna hana shi zamewa gaba ko baya. Na sama kuwa ana karkata su su haɗu kamar kan dala, domin su hana shi gocewa gefe. Da wannan tsari aksul yana iya karkata dama ko hagu ya bi siffar dutse, gangar mota kuwa tana nan kusan a daidaice. Sandunan ana iya yin su da dogon ƙarfe mai zare a zura shi cikin bututun alminiyam. Sharaɗi ɗaya ne: na dama da na hagu su zama tsawo ɗaya daidai wa daida, domin bambancin milimita biyu ya isa ya sa mota ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa. Sifirin ɗin da zai ɗauki nauyi kuma ya zama mai laushi. Mai tauri yana hana aksul motsi, ya mayar da duk wahalar sandunan nan aikin banza.

Su kansu tayoyin, ba a hura musu iska. Roba ce mai laushi ƙwarai, a cusa mata soso a ciki, yadda in ta hau kaifin dutse za ta lotsa ta rungume shi. In soson ya yi tauri taya za ta zame, in ya yi laushi da yawa za ta naɗe a gefen tudu. Wannan ba a sanin daidansa sai da gwaji. Shawarata ita ce, in kuɗinku bai isa sayen abu biyu ba, ku sayi tayoyi masu kyau, domin su ne kaɗai ɓangaren motar da ke taɓa dutse.

Manufa ta uku ita ce kada ta kife, kuma a nan lissafin da muka koya a sakandare yake fitowa fili. Kowane abu yana da cibiyar nauyi. Muddin layin da ya sauko daga cibiyar nan ya faɗa tsakanin tayoyi, mota tana tsaye. Ranar da ya fita waje, ta kife. A ce tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu santimita 20 ce, rabinta 10 ke nan. In cibiyar nauyi tana da tsayin santimita 10 daga ƙasa, motar za ta kife a gangaren da ya kai digiri 45. In ka sauko da cibiyar zuwa santimita 7, sai gangaren ya kai wajen digiri 55 kafin ta kife. Ka ga santimita uku kacal sun ba ka digiri goma. Wannan lissafin mota ce sandararriya. Mai sifirin takan kife kafin a kai nan, domin jikinta yana karkata. Shi ya sa ake sa batir a can ƙasa kusa da aksul ɗin gaba, ake yin bodi da roba marar nauyi, har wasu sukan naɗa dalma a cikin tayoyin gaba. Masu wannan wasa sukan so kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyi ya kasance a gaba, saboda in mota ta fuskanci hawa nauyi yakan koma baya, gaba ya nemi tashi. Gane wannan ba ya bukatar wata babbar na'ura: ɗora tayoyin gaba a kan sikelin kicin ka karanta, sa'an nan ka ɗora na baya.

Sai dai kuma akwai jayayya tsakanin wannan manufa da wata. In ka sauko da komai ƙasa domin gudun kifewa, cikin motar zai riƙa zama a kan dutse, tayoyi suna lilo a sama. In ka ɗaga ta domin cikinta ya tsira, ta yi saurin kifewa. Masu ƙira sukan sasanta ta hanyar shimfiɗa wata roba mai santsi a ƙarƙashin cikin, domin in ya taɓa dutse ya zame ya wuce, da kuma rage duk abin da ya yi tsini a gaban tayoyin gaba ko bayan na baya. Akwai kuma wata dabara da babbar motar Unimog ta Jamus ta daɗe tana amfani da ita, wadda kamfanin Traxxas ya sa a ƙaramar motarsa TRX-4 a 2017: ana sa ƙananan giyoyi a bakin kowace taya, yadda aksul zai zauna sama da tsakiyar taya. Wannan kam sai wanda hannunsa ya faɗa. Mai farawa ya bar shi sai mota ta biyu.

Ita gangar motar, faranti biyu ne na alminiyam ko na roba mai kauri, a yanka da zarton ƙarfe, a goge da magagari, a haɗa su da dogayen noti. Ku fara zana komai a kan kwali da girmansa na gaskiya, ku yanka, ku gwada. Kwali ba ya da tsada in an ɓata shi. In za ku huda farantan biyu, ku ɗaure su tare ku huda lokaci ɗaya, domin ramukan su yi daidai. Tazarar aksul ɗin gaba da na baya a motocin da aka fi yi, waɗanda girmansu kashi ɗaya ne cikin goma na babbar mota, takan kai kimanin santimita 31.

Yanzu sai rediyo. Kaya huɗu ne. Akwai na'urar aikawa wadda direba ke riƙewa, da na'urar karɓa da ke cikin mota, da sarbo mai juya sitiyari, da kuma na'urar sarrafa gudu wadda ke tsakanin batir da inji. A da ana amfani da zangon megahaz 27, kuma in mutum biyu suka dace a kan zango ɗaya sai motar wannan ta riƙa bin umarnin wancan. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka koma gigahaz 2.4, inda kowace na'urar karɓa take sanin muryar tata na'urar aikawa kaɗai. Harshen da na'urar karɓa ke yi wa sarbo mai sauƙi ne: wani ɗan bugun lantarki ne da ake maimaitawa kimanin sau 50 a sakan. In tsawon bugun ya kai kashi ɗaya da rabi cikin dubu na sakan, sitiyari ya tsaya a tsakiya. In ya ragu zuwa kashi ɗaya ya juya gefe guda, in ya ƙaru zuwa kashi biyu ya juya ɗaya gefen. 'Yan'uwanmu na sashen lantarki suna iya haɗa nasu rediyon da allon Arduino. Sauranmu gara mu saya. A nemi sarbo mai giyar ƙarfe, domin na roba haƙoransa ba sa jure turo taya daga cikin tsagin dutse. A kuma nemi na'urar sarrafa gudu mai kama birki da kanta da zarar direba ya saki totur, in ba haka ba motar za ta gangaro duk lokacin da aka tsaya a kan hawa. Doka ɗaya kuma ba a karya ta: na'urar aikawa ake fara kunnawa, ita ake kashewa a ƙarshe.

Game da batir ina so in ja kunne da babbar murya. Batirin litiyam kowane ɗaya yana ba da bolt 3.7, in ya cika ya kai 4.2, kuma ba a barinsa ya sauka ƙasa da 3. Biyu a jere, watau bolt 7.4, sun wadatar. Ana iya ciro irinsu daga tsohon batirin kwamfutar hannu, amma sai an auna kowane ɗaya, a jefar da wanda ya lotsa ko ya kumbura. A yi caji da cajar da aka yi dominsa, a kan siminti, mutum yana wurin. Kada a bar shi a kan katifa a tafi lacca, kada kuma a bar shi cikin rana. Wutar litiyam in ta tashi tana da wuyar kashewa, ɗakunan kwananmu kuwa kun san yadda suke cike da mutane da littattafai.

In mota ta haɗu, kada a ruga da ita kan dutse. A fara da katako a jingine, a riƙa ɗaga shi kaɗan-kaɗan ana rubuta digirin da ta zame da wanda ta kife. A canja abu ɗaya tak, a sake gwadawa, a sake rubutawa. Wanda ya canja abu uku lokaci ɗaya ba zai san wanne ya yi amfani ba. Bayan haka sai a fita. Allah ya hore mana filin gwaji kyauta, daga Kufena a Zariya har duwatsun Jos, kuma ba a rasa tarin duwatsu a bayan kowane gini da ake yi. Sai dai a riƙa share giyoyi bayan kowace fita, musamman da hunturu, domin ƙura in ta haɗu da man giris takan zama kamar magagari.

Wani zai ce, to bayan duk wannan wahala, ina amfaninta? A watan Nuwamba na 1970 Tarayyar Sobiyet ta saukar da Lunokhod 1 a kan wata, mota mai taya takwas wadda direbobi suka riƙa tuƙawa da rediyo daga nan duniya, ta yi tafiyar fiye da kilomita 10. A 1997 Amurka ta saukar da Sojourner a duniyar Mars, 'yar mota mai taya shida wadda tsawonta bai wuce santimita 65 ba. Tambayoyin da injiniyoyinsu suka amsa su ne waɗanda muka bi yanzu: yaya taya za ta zauna a kan dutse, yaya za a musanya sauri da ƙarfi, yaya za a hana kifewa a wurin da babu mai tayarwa.

Amma ba sai mun je wata ba. Ku da kuka fara aikin gwamnati kun san harabar ma'aikatu da yawa inda taraktoci da motoci ke kwance, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, sau da yawa saboda wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Gobe ku ne za ku sa hannu a takardar sayen wasu. Jami'in da ya taɓa haɗa giya da hannunsa ya san tambayar da zai yi wa ɗan kwangila, ya kuma san ya saurari bakanike da girmamawa, domin ya ɗanɗana irin aikinsa.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta nema mana ɗaki ɗaya da tebur da 'yan kayan aiki, ta kuma shirya gasa a ƙarshen zango, da sharaɗin kowace mota a ƙera gangarta a nan. Ku haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu, a sami mai lissafi da mai lantarki da mai hannu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwanmu mata kuma kada su tsaya kallo, babu wani noti a jikin motar nan da ya san hannun da ya ɗaure shi.

Malam Shugaba, a nan zan dasa aya domin a sami lokacin tambayoyi.